Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Likitocin Tiyatar Ƙwaƙwalwa Da Masu Bincike Na Kano Da Jigawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Likitoci, malamanmu, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, ina yi muku sannu da tsayuwar ɗakin tiyata, wadda takan kai mutum daga hantsi har bayan la'asar bai zauna ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa hannu albarka.

Ni malamar asibiti ce a wani ɗan ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Gumel. Awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafi, zazzaɓin yara, aikina ke nan shekara da shekaru. Takardar nan da kukan karɓa daga hannun magidanci, ta sha naɗi a aljihu har rubutun ya fara gogewa, irinmu ne muke rubuta ta. Ba mu san juna ba, amma yara ɗaya muke ɗauka. Ni ina ganinsu da fari, ku kuna ganinsu bayan abu ya yi nisa. Watannin da ke tsakani su suka sa na ɗauki alƙalami, a kan jariran da ruwa ke taruwa musu a kai.

Da yaro ɗaya abin ya fara a zuciyata. An haife shi a gida, farkon damina, haihuwar fari. Ungozoma ta yanke cibiya da reza, aka riƙa gasa ta safe da yamma da tsumman da ake ɗumamawa a kasko, yadda aka saba. Kwana biyar da haihuwa jikinsa ya yi zafi, ya ƙi kama nono, cikin dare ya yi 'yar jijjiga. Aka karɓo rubutu, aka sayo maganin ruwa a kemis, zafin ya sauka, ranar suna aka sha biki. Da ya cika sati shida uwar ta kawo shi rigakafi. Na ɗora shi a sikeli, na yi masa allura, na ɗiga masa na baki, na rubuta a kati, na kira ta gaba. Ban cire masa hula ba. Ban tambayi uwar ko ya taɓa rashin lafiya ba. Wannan yana cikin abubuwan da har yau nake neman gafarar Allah a kansu.

Sai a zuwansu na uku, yana wata uku da rabi, bayan layi ya watse, ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya saboda kunyar ɗan fari, ta ce, "Malama, duk hulunan da aka kawo na barka ba wadda take shigarsa." Na yaye mayafin da ta lulluɓe shi da shi. Fatar kan tana sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗau kamar saiwa, maɗiga ta taso ta yi tauri, in ka ɗora yatsa ba ta lotsawa. Idanun sun yi ƙasa, fari ya bayyana a sama, rabin baƙin ya shige ƙarƙashin fatar ido kamar rana tana faɗuwa. Ba mu da ma'aunin kai, sai na aiki yaro gidan tela ya aro mini tef. Santimita 48. Yaro mai watanninsa wajen 41 yakan kasance.

A ranar na rubuta takarda, amma takarda ba ta da ƙafa. Kakar yaron ta ce ɗan ruwa ne, wannan ba na asibiti ba ne. Uban bai musa mini ba, bai kuma musa wa mahaifiyarsa ba, ya dai ce in yi haƙuri a yanke riɗi. Aka yanke riɗi kuɗi bai kai ba, sai da ya kora ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwar Maigatari wata Alhamis. Lokacin da suka sauka Kano yaron yana wata bakwai, wuyansa ba ya ɗaukar kansa.

Aka sa masa roba mai sauke ruwan da ya taru a kai, aiki ya yi kyau. Da idona na ga yaron nan ya dawo yana bin mutum da kallo, yana ɓangale baki in an tafa masa. Da damina ta zagayo, wata safiya ya tashi da amai da nauyin barci. Kowa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, lokacinsa ne kuwa. Kwana uku ana ba shi magani a gida. Da aka kawo mini shi, ina taɓa kan na san robar ce ta toshe. Ruwa ya cinye hanyar da ke fitar da mu, a amalanke aka kai su bakin kwalta. Bai kai Kano ba. Allah ya sa mai ceto ne.

Ko ƙwayar zarra ban ga laifin likitan da ya yi masa aiki ba. Ya yi iyakar abin da iliminsa da kayan hannunsa suka ba shi. Amma tun daga ranar na shiga neman sanin wannan ciwo, ina tambayar duk wanda ya fi ni, ina karatu a waya bayan an tashi aiki. Ku gafarce ni in faɗi abin da kuka fi ni sani nesa ba kusa ba, don wasiƙar buɗaɗɗiya ce, iyaye za su gani, za a kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai ɗakuna huɗu masu ruwa garai-garai. Wani tattausan nama da ke cikin ɗakunan shi ke tsatso ruwan dare da rana, a jikin babba wajen rabin lita kullum. Ruwan yakan bi ta wasu siraran hanyoyi ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, jini ya shanye shi. Duk mai noman rani ya san abin da kan faru in bakin magudana ya toshe alhali inji bai daina turowa ba. A jariri ƙasusuwan kai ba su gama haɗewa ba, sai kan ya yi ta buɗewa, ƙwaƙwalwa tana matsewa tana sirancewa. Ruwan da kakar ta ambata yana nan, amma na jikin yaron ne, ba na kogi ba, kuma da izinin Allah hannun ɗan Adam yana iya buɗe masa hanya.

Robar da ake sawa siririn bututu ne, daga ɗakin ƙwaƙwalwa ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne, wuya, ƙirji, ya sauke ruwan a ciki. Wani ma'aikacin injina ne a Amurka, John Holter, ya ƙera bakin da ke daidaita gudun ruwan, saboda ɗansa da aka haifa a 1955, wanda wannan ciwo ya kama yana jariri. Rayukan da ta ceta Allah kaɗai ya san yawansu. Sai dai an daɗe da sanin cewa a yara, wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 robar kan toshe ko ta kama cuta tun a shekarar farko. Ga wanda gidansa ke Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi a cikin Kano, wannan gyaran dare ɗaya ne. Ga wanda ke bayan kwazazzabo a watan Agusta, kun ji yadda ta ƙare.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda aka yi binciken da ya fi dacewa da halinmu. A Mbale ne, gabashin Yuganda, inda iyayen yaran manoma ne kamar namu, masu nisa da titi kamar mu. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara, Benjamin Warf, ya koma can da zama a shekarar 2000. Ya riƙa tambayar iyaye yana rubutawa: yaya kan yake ranar haihuwa, yaushe ya fara girma, an yi zazzaɓi, an yi jijjiga? Sai ya gano cewa wajen shida cikin goma na yaran lafiya lau aka haife su, wata cuta ce ta kama su a makonnin farko, ta shiga ƙwaƙwalwa, ta bar tabon da ya toshe hanya. Da na karanta wannan, zazzaɓin kwana biyar ɗin nan ya faɗo mini, wanda kowa ya manta da shi ranar suna.

Ya gwada robar Indiya ta dala 35 da wata ta dala 650, bayan shekara guda bai ga bambanci tsakaninsu ba. Sannan ya inganta wani aiki da ba a barin komai a jikin yaro. Ana zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta gefen maɗiga, a huda ƙasan ɗaki na uku don ruwa ya samu sabuwar mafita, a kuma ƙona naman da ke tsatso ruwan don ya rage. A rahotonsa na 2005, cikin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya, haɗa hudawa da ƙonawa ya yi nasara a kashi 66 cikin 100, hudawa kaɗai kuwa 47. A 2017 aka fitar da wani gwajin da aka yi da jarirai 100, aka raba su gida biyu, wasu roba wasu aikin kyamara. Bayan shekara guda kaifin ƙwaƙwalwarsu bai bambanta ba. Ba na cewa aikin kyamara ya fi roba, ba kuma kowane yaro yake yi wa ba, ku ne masu zaɓi bayan kun duba hoto. Amma in zai ƙi, galibi a watannin farko yake ƙi, lokacin da iyaye ke sa ido. Wanda ya tsallake, ba ya yawo da wani abu a jikinsa da zai iya toshewa ranar da gada ta karye. Wannan kaɗai ya isa a ce kayan aikin nan da horonsa sun wadatu a Kano da Dutse, kuma ɗan ƙauye mai nisa shi za a fara dubawa ko ya dace da shi.

Ba su tsaya nan ba. Ruwan da suke zuƙowa a ɗakin tiyata suka riƙa ajiyewa suna bincikawa, shekara da shekaru ƙwayar cutar ta ƙi tsirowa a gwajin da aka saba. Sai a 2020, ta hanyar karanta ƙwayoyin gado, suka bayyana wata ƙwaya mai suna Fenibasilus, wadda ba wanda ya taɓa zarginta. Sun kuma lura cewa yawan yaran yana hawa yana sauka tare da yanayin ruwan sama.

To namu fa? Ƙasarmu ba irin tasu ba ce. Mu rairayi gare mu, da ƙurar hunturu, da zafin bazara mai zuwa da sanƙarau. A 1996 sanƙarau ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 11,000. Har a 2024, da Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na cutar, Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su, saboda cutar na nan tana yi mana ɓarna. Yaran da suka tsira daga ita, wani ya kurumce, wani ya tashi da farfaɗiya, wani ruwa ya taru masa a kai. Amsar Mbale ba lallai ta zama amsar Gumel ba, amma tambayar ɗaya ce, kuma ku ne masu ikon yin ta. Duk yaron da ya hau gadonku, a rubuta ƙauyensu, da watan da aka haife shi, da inda aka haife shi, da abin da aka sa wa cibiya, da ko wanzami ya cire masa beli. A adana ruwan a bincika. Rabin wannan takarda mu za mu cike muku, domin uwar da ba za ta iya ɗaga ido ta dubi babban likita ba, ni za ta gaya mini komai a zauren gidansu. In aka tarar ta cibiya cutar ke shiga, ai muna da man kuloheksidin da ake shafawa, kuɗinsa bai kai na mota zuwa Gumel ba. Abin da ya rage mu samu hujjar da za mu tsaya da ita gaban ungozoma da kaka.

Akwai wani abu da nake so ku duba da idon rahama. Binciken da ya tsaya a kan waɗanda suka dawo ganin likita, bai san da yaron da na ba ku labari ba. A fayil ɗinsa abin da za a gani shi ne an yi aiki, an sallame shi lafiya, daga baya bai dawo ba. Mu ne muka san dalilin rashin dawowarsa, mu muka je gaisuwa. In kuna son sanin gaskiyar abin da roba ke yi a ƙauye, duk yaron da kuka sallama ku sanar da asibitin da ya fi kusa da gidansu, mu riƙa auna kan muna aiko muku, mai daɗi da marar daɗi. Takardar sallama kuma a yi ta da Hausa, boko da ajami, da zanen alamun toshewa: amai, nauyin barci, kuka marar dalili, maɗiga ta taso. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa yaro mai roba in ya yi haka, ko da damina ce, kada a tsaya kemis. Da uwar nan ta ji wannan magana sau ɗaya cikin harshenta, da ba a yi kwana ukun nan ba.

Mu kuma abin da muke nema daga gare ku bai taka kara ya karya ba. Tef, da jadawalin girman kai, da horon yini ɗaya, da lambar wayar da in an kira za a ɗauka. Yaro yana zuwa hannunmu a sati shida, da goma, da sha huɗu. Sau uku ke nan a daidai lokacin da kan ke fara gudu. Na'urar da ake duba masu ciki da ita a manyan asibitocinmu tana iya leƙa ɗakunan ƙwaƙwalwa ta maɗiga tun ba ta rufe ba, in an koya wa mai riƙe da ita. Da haka magidanci zai ga hoton da idonsa a Gumel ko Haɗeja ko Kazaure kafin ya yanke shawarar sayar da sa.

Ga kuma 'yan uwan wannan ciwo, jariran da ake haifa da ƙari ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya, waɗanda da yawansu ruwa kan biyo baya ya taru musu a kai. Tun 1991 wani babban bincike na Birtaniya ya nuna cewa ƙwayar folik asid tana rage maimaituwar wannan da wajen kashi 70 cikin 100. Matsalar ita ce lakar jariri tana rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, matanmu kuwa sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke zuwa awo, mai cikin fari ma takan ɓoye fiye da haka. Ƙwayar da nake miƙa musu tana ƙara jini, amma ga laka ta makara. A 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su riƙa zuba sinadarin a abinci. Mu geronmu da dawarmu daga rumbu suke, injin unguwa ke niƙa mana, garin masana'anta bai cika shiga tukunyarmu ba. Ku bincika mana hanyar da za ta iso mu. Tunda yanzu ana zuwa gwajin jini kafin ɗaurin aure, ni a ganina nan ne wurin da za a fara ba amarya ƙwayar, a yi wa ango bayani yana zaune.

Na san kalmar bincike tana da tabo a ƙasar nan. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin gwajin da ya shafi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Tsofaffinmu ba su manta ba, mu masu yawon rigakafi gida-gida mun sha jin zancen a bakin ƙofa. Saboda haka in za ku zo, ku shigo ta ƙofa. A zauna da mai gari da liman, a gaya wa uba da uwa cikin Hausa abin da za a ɗiba da abin da za a yi da shi, wanda ya ƙi kada a rage masa komai na magani. In an gama a dawo a gaya mana abin da aka gano, a ƙarƙashin bishiyar da aka nemi izininmu.

Ban kuma yi shakkar za ku iya ba, don an yi a nan. A Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, aka yi binciken da ake auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila, a gano waɗanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare su, a tare ta da magani. A Kano ɗin dai aka horar da ma'aikatan lafiya irina su gane farfaɗiyar yara su yi maganinta a ƙananan asibitoci. 'Ya'yanmu ne suka yi waɗannan, duniya ta karanta.

Na san nauyin da ke kanku. Tun da Farfesa Latunde Odeku ya kafa wannan fanni a Ibadan a 1962, har Farfesa Bello Bala Shehu ya gina cibiyar Sakkwato da ta yaye da yawa daga cikinku, yawanku a ƙasar nan bai kai 200 ba a ƙidayar 'yan shekarun nan, ga mutum sama da miliyan 200. Ga haɗarin mota, ga 'yan acaɓa da ake kawowa kai a fashe, ga ƙari a ƙwaƙwalwa, duk ku. Shi ya sa nake cewa ku raba mana abin da za mu iya ɗauka. Ku kuma muryarku tana isa inda tamu ba ta isa. Ku gaya wa ma'aikatun lafiya da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohin nan biyu cewa tiyatar jaririn da ruwa ya taru wa a kai, da hotonsa, da kuɗin motarsa, su shiga cikin abin da ake ɗauke wa talaka. Wata ukun da uban nan ya yi yana jiran riɗi, ƙwaƙwalwar ɗansa ce ta biya.

Yanzu haka akwai wata jaririya a hannuna, wata biyu da 'yan kwanaki. Ta yi zazzaɓi kafin suna. Na sayi tef nawa na kaina, sau uku ina auna ta, kowane awo yana tsallake layin da ya kamata ya bi. Wannan karon ba a ja ni da nisa ba, domin mahaifiyar yaron nan da ya rasu ita ta taka da ƙafarta har gidan, ta zauna da surukar, ta gaya mata abin da ni ba zan iya faɗa ba. Ranar Litinin in Allah ya kai mu za su kamo hanya. In kun ga takarda mai awon kai uku da kwanan watansu, da lambar waya a ƙasa, tawa ce. Don Allah ku juya bayanta ku rubuto mini abin da kuka gani da abin da zan riƙa dubawa, uban zai kawo mini.

Wassalam.

Taku,
Malamar asibiti daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa